Ajo a Intanet: Wa Ya Biya, Wa Aka Yi wa Kiɗan?

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun kafin zuwan salula, makaɗin da buƙata ta kama yakan kira ajo: a raba goro, a sa rana, jama'a su taru a dandali, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa, sanƙira yana shelanta sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar. A garuruwan ƙasar Tasawa da Mayahi, irin su Kona, gayya da adashi da gudummawar biki duk a kan wannan ƙa'ida suka ginu. Saboda haka karo-karon da ake yi yau ta intanet domin shirya fim ko buga littafi ba baƙon abu ba ne. Abin da ya sauya shi ne dandalin da mutanen da ke cikinsa, kuma wannan sauyi yana barin tabo a jikin aikin da aka samar.

Misali mafi kusa a Nijar shi ne fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa kamfanin faya-fayi na Sahel Sounds, ya shirya a Agadas tare da mai kaɗa jita Mdou Moctar. A 2014 aka nemi kuɗinsa ta dandalin Kickstarter, ya fito a 2015 cikin harshen Buzaye. Tsarin Kickstarter, da aka buɗe a Amurka a 2009, a bayyane yake: mai aiki ya faɗi adadin da yake nema da wa'adinsa, idan bai cika ba, ba a karɓar ko sisi daga kowa, idan ya cika, dandalin ya cire kashi 5 cikin 100. Masu bayarwa kuma ana yi musu tukuici da faifai ko makamancinsa.

Fim ɗin yana da kyawun da ba a musunsa. Labarin saurayi ne mai jita da mahaifinsa ke ƙyamar sana'arsa, ga kuma abokin hamayya da ke neman kā da shi a gasa. Inda ya fi armashi shi ne inda ya nuna rayuwar Agadas yadda take: waƙa tana yawo daga salula zuwa salula, ana iya naɗe ta a ɓoye kafin mai ita ya fitar da ita. Amma ƙashin bayan labarin aro ne daga Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984, har da babur mai launin shunayya. Sunan ma wasa ne da wancan, domin ma'anarsa ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Wanda zai ji daɗin wannan barkwanci sai wanda ya riga ya san Prince, wato mai katin banki a Turai ko Amurka. Ba laifi ba ne a nemi taimako inda yake. Sai dai a lura: tun kafin a ɗora kyamara, an riga an ɗinka rigar daidai wuyan mai biya. Ƙari a kan haka, Nijar ba ta cikin ƙasashen da Kickstarter ya amince mazaunansu su buɗe neman kuɗi da kansu, don haka tilas a bi ta hannun wani na waje.

Misali na biyu daga Kano ya fito, kuma kishiyar na farko ne. A 2020 mawaƙin siyasa Dauda Kahutu Rarara ya nemi masoyan Shugaba Muhammadu Buhari kowa ya turo naira 1,000 kafin ya fitar masa da sabuwar waƙa. Babu dandalin waje, babu kati; lambar asusun banki ce kawai aka baza a kafafen sada zumunta, jama'a kuwa suka amsa. Wannan ya tabbatar da cewa talakan ƙasar Hausa yana iya biyan kuɗin fasahar da yake so da hannunsa. Amma abubuwa biyu sun rage. Na farko, abin da aka nemi jama'a su saya yabon mai mulki ne. Mai biya ya sauya, jigon waƙa bai sauya ba. Na biyu, asusun banki ba shi da sanƙira. A ajon gargajiya kowa yana jin abin da aka tara. A Kickstarter lissafi yana rubuce a idon duniya. A nan kuwa amana kaɗai ce shaida.

Me ƙungiyar al'adu ko malamin makaranta a Kona zai ɗauka daga waɗannan biyu? Masu kuɗin da suka fi dacewa da shi ba a Amurka suke ba. Ƴan ci-rani ne da fatake da ma'aikata ƴan asalin yankin da ke Maraɗi da Yamai da Kano da Libiya, waɗanda suka saba aiko da kuɗin gero ta Nita ko Al Izza, kuma suke haɗe a zaurukan WhatsApp na garuruwansu. Mutum 300 in kowa ya ba da jika guda, an sami sefa 300,000. Ba za ta yi fim ba, amma za ta sayi na'urar naɗar murya, ta biya kuɗin mota, ta buga ƙaramin littafi.

Aikin yi kuwa yana bakin ƙofa. A watan Yuli na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yi kisan gilla a Koran Kalgo, aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori, sannan sojojinsu suka kashe shugabannin biyu a yankin Maijirgi. Labarin ya kai duniya ta littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani a 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986, da African Apocalypse na Rob Lemkin a 2020. Abin da kakanni suka bar wa jikoki a bakunansu, da Hausar Tasawa, shi ne ya kamata ɗalibai su naɗa tun masu riƙe da shi suna raye.

Sharuɗɗan uku ne, kuma duk daga ajo aka gaje su: a faɗi adadin da ake nema da ranar rufewa, a karanta sunaye da lissafi a bainar jama'a, ko a rediyon karkara, a fara nuna aikin a dandalin garin da ya biya. Wanda ya ba da goron gayya, shi ya kamata ya fara ganin kuyyar da aka nome.