Kunnen Mai Sana'a: Sharhi Kan Sauraron Kiɗa a Bakin Aikin Zane da Sassaƙa

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin masu nazarin al'adunmu, wai rediyo da kaset ne suka raba Bahaushe da kiɗan aiki, suka kuma rage wa masu zane da sassaƙa ƙwarewa. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, domin an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba, wato kiɗan da ake yi domin aiki, da kiɗan da ake saurara ana cikin aiki.

Kiɗan Aiki

Tun asali wasu sana'o'in suna da kiɗansu. Maƙera suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, manoma kuwa suna da gangar noma, musamman a wajen gayya. Mata ma sukan yi lugude a bakin turmi, su rera waƙa a kan dutsen niƙa. Idan muka duba, a nan makaɗi yana ganin ma'aikaci, yana kiran sunansa, yana zuga shi idan ya ga ƙarfinsa ya fara ja baya.

Zane da sassaƙa kuwa aiki ne na natsuwa. Magini mai zayyana dagi a fuskar zaure da ɗanyar ƙasa, ko mai zanen ƙwarya da wuƙarsa, ba zuga yake bukata ba. Wanda ya dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarim, ya san lissafi da haƙuri ne suka yi aikin.

Zuwan Rediyo da Kaset

Bayan buɗe gidan rediyo na Kaduna a 1962, da yaɗuwar kaset daga baya, sai akwatin rediyo ya sami gurbi a rumfar masassaƙa da ta masu zanen motocin lodi. Muryoyin Mamman Shata (ya rasu 1999), Musa Ɗanƙwairo (1991) da Ɗanmaraya Jos (2015) suka zama abokan zama. Wannan bai ɓata aiki ba, saboda akwatin na kowa ne a rumfa. Maigida ke da ikon ƙara murya ko ragewa, almajiri kuma yana jin waƙa yana jin gyara a lokaci guda.

Lokacin da nake aikin gwamnati na sha zama wurin wani dattijo mai sassaƙa turmi da itacen kirya. Yana faskare da daidaita baya rediyonsa na kunne, amma da zarar ya shiga raraƙe ciki da gizago sai ya kashe. Na tambaye shi dalili, ya ce mini, "Malam, yanzu icen ne zai yi magana." Nufinsa shi ne, ƙarar sara takan canja yayin da bango yake yin siriri, kuma ita ke sanar da shi inda zai tsaya kafin ya huda gindin turmin.

Inda Matsalar Take

A nan ne nake ganin haɗarin yake. Matashin yau yakan toshe kunnuwansa biyu da iyafis ɗin wayarsa. Ba ya jin amon itace, ba ya jin ƙwarya idan ta fara tsagewa, ba ya kuma jin maigida. Sana'ar gado kuwa ba a littafi take ba. A hirar bakin aiki ake tsintarta, daga sunayen zane har zuwa itacen da ya dace da allo ko akushi.

Kammalawa

Saboda haka laifin ba na waƙa ba ne, ko ta da ko ta zamani. Abin dubawa shi ne yadda ake saurara. Shawarata ga masu koyar da sana'o'in hannu ita ce su bar kiɗa ya tashi a fili kowa ya ji, su hana toshe kunne, su kuma koya wa yara sanin lokacin da ya kamata a kashe akwati. Masu tattara tarihi kuma su riƙa naɗar sautin rumfa da hirarta, kada su tsaya ga ɗaukar hoton abin da aka sassaƙa kawai.