Daga "Misalai" zuwa "Karin Magana": abin da suna ya ɗora wa mai karatu

A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ta fito a 1932, littafin hikimar nan mai surori 31 da ake jingina wa Sulemanu sunansa "Misalai". Fassarar 1979 ta raɗa masa "Karin Magana". Sabon sunan ya fi daɗin ji, sai dai bai rufe littafin duka ba, domin surori tara na farko doguwar nasiha ce ta uba ga ɗansa, ta fi kusa da gargaɗi. Daga sura ta 10 ne gajerun zantuka suke farawa, kuma a nan sunan ya dace ƙwarai.

Bahaushe ya san karin magana ba doka ba ce. Ana jefa ta inda ta dace, gobe a jefa kishiyarta, ba wanda zai ce an yi ƙarya. Littafin kansa haka yake: a sura ta 26, aya ta 4 ta hana a amsa wa wawa, ta 5 kuwa ta ce a amsa masa. Wanda ya jera su kusa da juna bai yi mantuwa ba, ya bar wa mai karatu aikin gane lokaci.

Wannan aikin ne wasu masu wa'azi a majami'u suke tsallakewa. Sura ta 6 ta tura rago wurin tururuwa ya koyi tanadi, sai a ɗauke ta tamkar hukunci cewa duk mai yunwa rago ne. Manomin ƙasar Maraɗi wanda fāri da fara suka cinye wa gero a 2004, ya shiga yunwar 2005 da rumbu wayam, me zai ji in an karanta masa ita haka? Ga shi sura ta 13 ta san gonar matalauci tana iya ba da abinci mai yawa, rashin adalci ya kwashe. Ba a cika jin wannan ayar ranar Lahadi ba.

Batun lamuni ya fi tsauri. Littafin ya yi ta jan kunne kada mutum ya tsaya wa wani a kan bashi, har ya ambaci ɗauke masa gadon da yake kwance a kai. Kirista a Tsibiri ko Galmi, wanda ƙanensa ya zo neman ya tsaya masa wurin mai hatsi kafin kaka, yana tsakanin ayar da zumunci. In ya ƙi, dangi su ce addini ya raba shi da su. In ya yarda, wataƙila gonarsa ta tafi. Ayar ta nuna masa ramin, ba ta yanke masa shawara ba.

Inda littafin bai bar ƙofar zaɓi ba shi ne awo. Surori na 11 da 20 sun kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji, kuma babu wata aya kusa da ta sassauta wa mai tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa.