Zanen aro a gaban kamara: tufafi cikin hotunan Seydou Keïta

Hausawa kan ce zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya natsu ya dubi hotunan Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na birnin Bamako da ya rasu a 2001, zai tarar da wurin da karin maganar nan ba ta yi aiki ba. Keïta ya buɗe shagonsa a unguwar Bamako-Kura a 1948, ƙasar tana hannun Faransa, ya yi ta ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana har farkon shekarun 1960, sa'ad da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki. A shagon ya tanadi kwat uku irin na Turawa, da taguwa da takalma da malafa, ga agogo da alƙalami da rediyo da furen roba, domin duk wanda ya zo ba shi da abin da yake so a gan shi da shi.

Ɗaya daga cikin fitattun hotunansa, na ƙarshen shekarun 1950, saurayi ne cikin farin kwat, da tabarau, alƙalami a aljihu, yana riƙe da fure. Abu ne mai sauƙi a ce wannan kwaikwayon mai mulki ne kawai. Sai dai irin wannan hukunci ya manta da wanda aka yi hoton dominsa. Ba don Bature aka yi shi ba; don uwa ce da ke ƙauye, ko budurwa, ko abokin da aka rabu da shi a tashar jirgin ƙasa. Kwat ɗin saƙo ne: ga matsayin da mai shi ya nufa. Kuma duk mutanen unguwa sun san kayan shagon, tunda kwat ɗaya na iya fitowa a jikin samari da dama. Aron da kowa ya sani ba yaudara ba ne.

A wajen mata al'amarin ya fi zurfi, domin galibinsu da kayansu suke zuwa. Hoton baƙi da fari ne, saboda haka launin da mace ta zaɓi atamfa dominsa, ja ne ko shuɗi, ya ɓace. Abin da ya rage shi ne zanen da ke jikin yadin. Keïta ya gane haka sarai. Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane shimfiɗar gadonsa ce, daga baya ya sauya zuwa yadi mai zanen ganye da rassa. A hoton nan na matar da ta kishingiɗa, zanen riga da na bargo da na labule sun haɗu har ido ya rasa masauki, sai fuska da hannu. Masu sharhi na Turai sun yaba wannan ƙwarai, har suna kwatanta shi da aikin mai zane Matisse. Yabon ya dace, amma an ba mutum ɗaya ladan aikin mutane da yawa. Kafin matar ta shigo tsakar gidan an riga an gama rabin hoton: ta zaɓi yadi a kasuwa, tela ya yanka, an yi kitso, an ƙunsa lalle, an ɗaura kallabi yadda ake yayi. Mai kamara ya gyara zama da karkatar kafaɗa. Ita ta kawo abin da za a gyara.

A 1991 an baje wasu hotunansa a birnin Niyok na Amurka da rubutun cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. André Magnin ya bi sawu har Bamako, a 1994 kuma gidauniyar Cartier ta baje aikinsa a Paris da sunansa. An gyara wannan kuskure, an bar ɗan'uwansa: ƙarƙashin yawancin hotunan ba abin da ake rubutawa sai «babu suna» da shekara. Matar da ta zaɓi rigar ba a san ta ba, balle telanta. Haka lamarin yake ga ƴan gayun Yamai da Philippe Koudjina ya ɗauka a shekarun 1960 da 1970. Alhali a gidajen Maradi ko Damagaram, idan aka zaro tsohon hoton salla daga ƙasan adaka, akan sami tsohuwar da za ta faɗi sunan atamfar da kuma wadda ta ba da aron sarƙar.

Akwai kuma batun girma. Abin da mai zuwa shago yake karɓa ƙaramin kati ne, santimita 13 da 18. Abin da gidajen baje koli suka rataya tun shekarun 1990 wani lokaci ya zarce mita guda. A wannan girman zanen yadi ne ke cin ido, mutum ya koma abin rataya tufafi. Baje kolin da aka yi a Grand Palais na Paris a 2016 ya kyauta da ya jera wasu ƙananan katunan na asali kusa da manyan. A jikin wasu daga cikinsu an bi da hannu an shafa launi a kan ƴan kunne da sarƙa, domin mai zinariya ba ta yarda kamara ta mayar mata da ita toka-toka ba.