Katin Shaiɗan da Gidan Ɗauri: Nazarin Duba daga Ƙofar Rini

Ƙofar Rini na cikin tsofaffin ƙofofin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Gidaje sun cinye gurbin ganuwa tun tuni, amma unguwar na nan cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, bai sassauta wa masu duba ba. A cikin Nurul Albab ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa ko kallon taurari cikin waɗanda suka kauce. Fiye da shekara 200 bayan haka, "an duba mini" har yanzu magana ce da ake raɗawa a tsakar gidaje, a Sakkwato kamar a Kano da Katsina da Maraɗi. Sai ga wayar hannu ta kawo wani baƙon duba, na karta, wanda Turawa ke kira tarot, matasa suna cin karo da shi a TikTok da YouTube.

Kati ɗaya a cikinsa ya fi sauran tayar da hankali, wato na 15, katin Shaiɗan, alamar jarraba da ɗauri. Mai bugun ƙasa ma yana da gidan da ke wannan magana. In aka jera su biyun, ana ganin yadda duba ke sarrafa tsoron mutum, da inda yake ajiye laifi.

Tarot bai faro a matsayin duba ba. Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma mafi rinjayen masana sun tafi a kan cewa daga Masar ta Mamalik ta fito. A farkon rabin ƙarni na 15, a fadodin arewacin Italiya irin su Milan da Ferrara, aka ƙara mata wasu katunan masu hotuna don wasa. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya yi iƙirarin cewa asirin tsohuwar Masar ne ke ɓoye a cikin hotunan, maganar da ba ta da hujja. Daga nan masu duba suka ɗauka. Ƙunshin kartar da ya fi yaɗuwa a yau ya fito a Landan a 1909. Arthur Edward Waite ya tsara shi, Pamela Colman Smith ta zana. Katuna 78 ne, manya 22 da ƙanana 56.

A zanen Smith, wata halitta mai ƙahon akuya da fikafikan jemage ta tsuguna a kan wani dutse. A ƙasa ga namiji da mace tsirara, kowanne da sarƙa a wuya, an ɗaure ta a jikin dutsen. Sun fara tsiro da ƙananan ƙahoni da wutsiya, ta macen da 'ya'yan inabi, ta namijin da harshen wuta. Abin da masu fassara suka fi riƙewa shi ne sarƙar sakwaf take, da sun so da sun zare ta ta ka. Saboda haka in katin ya fito, sai a ce wa mai tambaya ya dubi abin da ya mallake shi da yardarsa: shaye-shaye, caca, bashi, son abin duniya, ko soyayyar da ke cutar da shi amma ya kasa bari. In katin ya fito a kife, sai a ce lokacin kuɓuta ya matso.

Bugun ƙasa ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Larabawa na kiransa ilmin ramli, kuma littafin Muhammad al-Zanati na ƙarni na 13 ya daɗe yana yawo a hannun malaman Afirka ta Yamma. Ƙasar Hausa ma ta fitar da gwani a fannonin da ke maƙwabtaka da shi: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimai da lissafi da taurari. Ibn Khaldun kuwa, tun a ƙarni na 14, ya bayyana yadda ake ramli sannan ya soke shi.

Ga yadda ake yi. Malami zai baje rairayi a faifai ko a tire, ya ɗiɗɗiga layuka 16 da yatsa ba tare da ƙirgawa ba. Sai ya bi kowane layi yana kashe ɗigo bibbiyu, a ƙarshe ko dai ɗaya ya rage ko biyu. Layi huɗu ke ba da siffa ɗaya, don haka siffofi huɗu ke fara fitowa, su ne iyaye. Daga cikinsu ake cire 'ya'ya huɗu, a haɗa bibbiyu a sami wasu huɗu, a sake haɗawa a sami shaidu biyu, daga shaidun a fitar da alƙali, na 15. Siffofin da za su iya fitowa 16 ne kacal, kowace da sunanta. Wadda ake kira Uƙla tana da ɗigo ɗaya a sama, biyu-biyu a tsakiya, ɗaya a ƙasa, a rufe ta kowane gefe. Da aka juya littattafan ramli zuwa Latin a Sifen a ƙarni na 12, kurkuku aka raɗa mata. Tana nuna tsarewa, jinkiri, abin da aka ƙulle. A tsarin da ya yaɗu a Afirka ta Yamma, inda ake kiran siffofin da sunayen annabawa da salihai, ita ce gidan Sulaimanu, annabin da aka hore wa aljannu. 'Yar'uwarta Humra, ja, ita ke ɗauke da fushi da sha'awa da jini.

Lissafi yana da abin faɗa a nan, kuma ba ya buƙatar gaibu. A gidaje 14 na farko, damar fitowar Uƙla a kowane gida ɗaya ce cikin 16. Alƙali kuwa ba ya taɓa zama sai ɗaya daga siffofi takwas masu ɗigon da ke rabuwa bibbiyu ba ragowa, Uƙla na cikinsu. In aka tara, a matsakaici tana bayyana sau ɗaya a kowane bugu. Haka ma a shimfiɗar kati goma da Waite ya yaɗa, katin Shaiɗan na fitowa kusan sau ɗaya cikin takwas. Alamar ɗauri ba baƙuwa ba ce a faifai. Mai duban da ke son ganinta ba zai daɗe yana jira ba.

Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne wajen amsa tambayar wa ya ɗaure. Fassarar tarot ta zamani, wadda ta sha ruwan ilmin halayyar ɗan Adam na ƙarni na 20, ta fi tura mutum cikin kansa. Duban gida ya fi nuna waje. "An yi miki ɗauri." "Da hannu a ciki." "Na jikinka ne." Hausa na da kalmomi birjik na wannan fage: sammu, mallaka, farraƙu, kurciya, tura aljani. Malami ba kasafai yake ambaton suna ba. Zai ce wata mace ce doguwa, ko wani da kuke ci a kwano ɗaya, sai mai tambaya ya cike gurbin da wanda dama yake zargi. Kishiya, uwar miji, facala, abokin kasuwa, su ne suka fi kwana a ciki. Budurwar da aure ya yi wa jinkiri, ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, uwar da ɗanta ya faɗa shan kodin, kowa na iya komawa gida da sabon maƙiyi, alhali matsalar tana nan inda ya bar ta.

Wannan bai wanke tarot ba. A ce wa matar da mijinta ke duka sarƙarta sakwaf take, ita ta zaɓi zama, zalunci ne na biyu. Talauci da auren dole da rashin aikin yi ba sa zarewa ta ka. Ɗayan duban yana ɗora wa maƙwabci laifin da ba nasa ba, ɗayan yana ɗora wa wanda aka cuta. Kuma duka biyun suna da ƙofar dawowa. A bugun ƙasa kafin alƙalami ne da sadakar baƙar kaza ko farin ƙyalle, sannan a sake bugawa a ga ko ya karye. A tarot kuɗin zama ne da ake turawa ta waya. Wanda ya zo neman a kwance shi sai ya wayi gari ba ya iya yanke shawarar tafiya ko ciniki sai an duba masa.

Malaman addini ba su bar wurin shakka ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Amma tarihin Sakkwato ya nuna cewa hani kaɗai bai taɓa wadatarwa ba, kuma jagororin jihadi sun san haka. Matan da ke zuwa wurin 'yan bori ciwo ne da damuwa ke kai su. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta tsaya ga tsawatarwa ba. Ta rubuta littafi kan magani da ayoyin Alƙur'ani, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda jagorori mata da ake kira jaji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su kai wa mata har gida. Ta cike gurbin da ta nemi a bari.

Abin da mai duba ke sayarwa a zahiri shi ne kunne. Yana zama da mutum, ya saurare shi babu gaggawa, ya ba damuwarsa suna, ya ba shi abin yi kafin gobe. Shi ya sa yake cin kasuwa a inda asibiti ke cike, a inda kuma faɗin "na kasa daina sha" abin kunya ne ga dangi. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma jarabar ba ta bi doka ta tafi ba, kuma iyaye da yawa sun fi samun sauƙin cewa an yi wa yaro asiri. A garin Kware, arewa da birnin Sakkwato, akwai asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke karɓar masu fama da shaye-shaye. Bashi ana zama a ƙirga shi a tsara biya. Rikicin kishiyoyi manya ke sasantawa, istihara kuma mutum ke yi da kansa ba tare da ya biya kowa ba. Limamai da malaman islamiyya da ma'aikatan lafiya na unguwanni irin Ƙofar Rini su ne mafi kusa da waɗannan iyalai, kuma aikin da ke gabansu shi ne su ware lokacin zama da mai damuwa su ji ta bakinsa, kafin ya kai ta wurin mai faifai ko mai karta.