Jinjina ga Masu Kwale-kwalen Alau

Maiduguri ba ta da teku, amma idan zafin bazara ya tsananta, mutanen gari kan nufi tafkin Alau da ke kan kogin Ngadda su sha iska. Kafin baƙo ya iso, masu kwale-kwale sun riga sun toshe ɓarakar jirgi tun asuba, sun kwarfe ruwa, sun kamo tarwaɗa da karfasa. Suna tuƙi a natse, suna lallashin yaron da ya ƙanƙame gefen jirgi.

Da madatsar tafkin ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye gari, jirage irin nasu ne suka riƙa kwaso tsofaffi da yara daga unguwanni kamar Gwange. Masu kwale-kwale, Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a kan ruwa.