iPad ta zama kwamfuta? A tambayi mai rubuta manhaja

A watan Satumban 2025 kamfanin Apple ya fitar da iPadOS 26, kuma tun daga lokacin ake ta cewa iPad ta zama cikakkiyar kwamfuta. Gaskiya an yi gyara. Yanzu kana iya buɗe manhajoji da yawa, kowacce a tagarta, ka faɗaɗa ko ka rage yadda kake so. Ga mai karatu ko mai lissafin shago, aikin ya yi kyau.

Amma iyayen da ke shirin saya wa yaro iPad don ya koyi rubuta manhaja, ku dakata tukuna. Xcode, babban kayan aikin da ake ƙera manhajojin iPhone da iPad da shi, har gobe ba ya aiki sai a kan Mac. Akwai Swift Playground a iPad, ana ma iya tura manhaja kasuwa da shi, sai dai na ɗan koyo ne, ba ya ɗaukar babban aiki. Sannan in yaro ya gama, yana son sa manhajarsa a App Store, sai ya biya dala 99, kuma duk shekara ne. Ranar da ya daina biya, a sauke masa kaya daga kanta. Wanda ke samun kuɗinsa da naira ya san nauyin wannan.

Ba yau aka fara wannan rawar ba. A watan Oktoban 2012 Microsoft ya fito da Windows 8, wai tsari ɗaya na tabilet da na tebur. Aka cire maɓallin Start, aka cika fuskar kwamfuta da manyan akwatuna na taɓawa da yatsa. Da farko har kamfanin ya ce Visual Studio Express na kyauta sabbin manhajojin taɓawa kaɗai zai riƙa ƙerawa, mai son na tebur ya sayi na kuɗi. Masu rubuta manhaja suka yi ca, dole ya janye. Surface RT kuwa, wadda ba ta karɓar tsofaffin manhajojin Windows, ta jawo masa asarar kusan dala miliyan 900 a 2013. A 2014 sai ga shi ya saki Visual Studio Community kyauta. Ashe in ka tsawwala wa maƙera, kasuwarka ce za ta yi fayau.

To shi Apple bai shiga wannan ramin ba, domin kasuwarsa cike take, shi ya sa ba ya jin matsin sassautawa. Laifinsa a nan shi ne sayar da na'ura da sunan kwamfuta alhali ya riƙe makullin maƙerar a wata na'urar daban.

Shawara ga 'yan unguwa: in karatun manhaja ne manufa, laftof tokumbo mai lafiya daga Computer Village ta Ikeja ta fi amfani. Android Studio kyauta ne, yana aiki a Windows da Linux, rajistar Google Play kuma dala 25 ce, sau ɗaya tak. Kafin ka biya, ka duba ƙwaƙwalwar RAM ɗinta ta kai giga 16, ko aƙalla 8, don Android Studio akwai ci.