Gardamar Masana Kan Harshen Dart: Sharhi Kan Tsarinsa Da Karɓuwarsa

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna da niyyar yin sharhi a kan wata gardama da ta tashi tsakanin masu shirya manhajar kwamfuta tun daga shekarar 2011, lokacin da kamfanin Google ya fito da wani sabon harshe mai suna Dart, wanda ya ƙaga domin rubuta shirye-shiryen da ke aiki a cikin shafukan yanar gizo. Abin da muke nufi da harshe a nan shi ne tsararrun kalmomi da alamomi, tare da ƙa'idojin jera su, waɗanda mutum ke amfani da su ya ba kwamfuta umarni.

Idan aka dubi gardamar da idon basira za a ga ta kasu gida biyu. Akwai sukar da aka yi wa tsarin harshen shi kansa, akwai kuma sukar da aka yi wa hanyar da aka bi don a sa jama'a su karɓe shi. Sau da yawa masu magana kan cuɗa waɗannan abubuwa biyu, har a ɗauka cewa aibin tsari ne ya hana Dart cim ma burinsa na farko. Mu kuwa za mu yi ƙoƙarin nuna cewa laifin ya fi rataya a wuyan hanyar da aka bi.

2.0 Tushen Gardamar

Kafin mu shiga cikin gardamar, ya kamata mu waiwayi harshen da aka so a maye gurbinsa, watau JavaScript. Brendan Eich ne ya tsara shi a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1995, kuma an san cewa cikin kwana goma kacal ya haɗa zubinsa na farko. A 1997 ƙungiyar Ecma ta fitar da daidaitacciyar ƙa'idarsa da sunan ECMAScript, aka kuma ɗora wa wani kwamiti, wanda yanzu aka sani da TC39, alhakin lura da ita. A cikin wannan kwamiti ne wakilan kamfanonin da ke yin burauza suke zama, watau manhajar da mutum ke buɗe shafukan yanar gizo da ita, irin su Chrome da Firefox da Safari. Sannu a hankali JavaScript ya zama shi kaɗai ne harshen da kowace burauza take ji.

To amma gaggawar da aka yi wajen tsara shi ta bar masa tabo. Alal misali, idan mutum ya rubuta 5 a matsayin rubutu, ya ce a tara ta da lamba 1, amsar da zai samu ita ce 51, domin harshen zai liƙa su ne kawai. Idan kuwa ya ce a ɗebe 1 daga wannan 5 ɗin, sai ya sami 4. Irin wannan rikitarwa ba ta da wata illa a ƙaramin shiri, amma idan shiri ya kai layi dubu ɗari, mutane da yawa kuma suna aiki a kansa, takan haifar da kurakuran da ba a gano su sai bayan sun yi ɓarna. An yi yunƙurin yi wa harshen gagarumin gyara a bugu na huɗu na ECMAScript, sai 'yan kwamitin suka kasa daidaitawa, aka yi watsi da shi a 2008 bayan wani zama a birnin Oslo.

Wannan cijewa ce ta sa wasu ma'aikatan Google suka fid da rai. A wata takardar cikin gida da suka rubuta a Nuwamba 2010, wadda ta fito fili a Satumba 2011, sun bayyana cewa JavaScript yana da aibobi na asali waɗanda gyara kaɗan-kaɗan ba zai kawar da su ba. Saboda haka suka shirya bin hanya biyu: su ci gaba da aikin gyara a kwamitin, su kuma ƙagi sabon harshe wanda a ƙarshe zai gaje shi. A lokacin Dash suke kiransa. A Oktoba 2011 Lars Bak da Gilad Bracha suka gabatar da shi da sunan Dart a taron GOTO a birnin Aarhus na ƙasar Denmak. Shi Lars Bak ba baƙo ba ne a wannan fage, domin shi ne ya jagoranci ƙera V8, injin da ke gudanar da JavaScript a cikin Chrome.

3.0 Suka Kan Tsarin Harshen

Suka ta farko da aka yi wa Dart ita ce bai zo da wani sabon abu ba. Waɗanda suka saurari labarinsa da ɗoki sun zaci za su ga wani abin mamaki, sai suka tarar da harshe mai kama da Java a wajen jera umarni da rarraba shiri zuwa azuzuwa. A ganinmu wannan suka ba ta da nauyi sosai, domin da gangan masu tsarin suka yi haka, don wanda ya riga ya san Java ko JavaScript ya koye shi cikin 'yan kwanaki. Harshen da ke neman miliyoyin masu aiki da shi dole ya rage musu wahalar koyo.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ta shafi alamomin nau'i. A harsuna irin su Java, wajibi ne mai rubutu ya faɗi nau'in abin da zai ajiye a kowane ma'aji, ko lamba ce ko rubutu, in ya saɓa kuwa shirin ba zai tashi ba. A JavaScript babu wannan sharaɗi sam. Shi Dart na farko sai ya tsaya a tsakiya, ya mai da alamomin na ganin dama, bisa ra'ayin da Gilad Bracha ya daɗe yana karewa. Mutum yana iya cewa wannan ma'aji na lamba ne, sa'an nan ya zuba rubutu a ciki. A yanayin gwaji injin zai tsaya ya nuna kuskuren, amma a yanayin aiki sai ya wuce kamar ba a sa alamar ba. Masu son tsanani suka ce alamar da ba a tilasta ta ba yaudara ce, masu son sauƙi kuma suka ce ƙarin kaya ne. Mun yarda cewa masu son tsanani sun fi gaskiya, kuma masu Dart ɗin su kansu sun sallama, domin a bugu na biyu na harshen, wanda ya fito a Agusta 2018, sun mai da bin alamomin tilas.

Suka ta uku ta shafi fassara. Tun da babu burauzar jama'a da ke jin Dart, sai aka yi masa tafinta, watau wani shiri da ke juya shi zuwa JavaScript. A makon farko wani ya juya ɗan gajeren shirin gaisuwa da ake fara koya wa ɗalibai, ya sami layi fiye da 17,000, abin ya zama abin dariya. Wannan dai matsalar ƙuruciya ce, an kuwa rage ta ƙwarai da aka fito da sabon tafinta mai suna dart2js, wanda ke zubar da duk sashen da shiri bai yi amfani da shi ba. Amma akwai wani saɓani da ya fi wannan zurfi. A cikin injin Dart na farko, cikakkiyar lamba ba ta da iyakar girma, alhali kuwa a JavaScript lamba takan fara rasa daidaito idan ta wuce 9,007,199,254,740,992. Ke nan shiri ɗaya yana iya ba da amsa biyu, gwargwadon inda aka gudanar da shi. Wannan ya nuna mana cewa ko a fannin tsari ma, babbar matsalar ta taso ne daga zaman harsunan biyu a gida ɗaya.

4.0 Suka Kan Hanyar Karɓa

Dabarar Google ita ce a dasa injin Dart a cikin Chrome, shirye-shiryen Dart su riƙa gudu da sauri a can, sauran burauzoji kuma su yi ta amfani da fassara har ranar da gasa za ta tilasta musu su ɗauki injin. Har an fitar da wata burauzar gwaji mai suna Dartium domin masu shirya manhaja. A nan ne sauran kamfanonin suka yi wa shirin ca. Brendan Eich, wanda a lokacin yake babban jami'in fasaha na Mozilla, ya ce sauran masu burauza ba za su taɓa ɗaukar injin ba. A Nuwamba 2011 masu lura da JavaScript a Microsoft suka bayyana cewa ba su yarda da ra'ayin cewa harshen ya fi ƙarfin gyara ba. A ƙarshen wannan shekara kuma, da aka nemi a buɗe wa injin ƙofa a cikin WebKit, ginshiƙin da Safari da Chrome suke tarayya a kansa a wancan lokaci, sai injiniyoyin Apple suka ƙi.

Mai yiwuwa ne wani ya ce duk wannan kishin kasuwa ne, kuma ba ma musun cewa akwai shi. Amma hujjar da suka kafa tana tsaye da ƙafarta ko da an cire kishin. Darajar yanar gizo ita ce shafi ɗaya yana buɗuwa a kowace burauza. Da zarar wani harshe ya fi gudu a burauza ɗaya, masu shafuka za su fara cewa a zo musu ta wannan ƙofa kaɗai, daga nan sai yanar ta tsage. An taɓa ganin haka tun daga 1996, lokacin da Microsoft ya sa harshen VBScript a cikin Internet Explorer, shafukan da aka rubuta da shi suka ƙi aiki a sauran burauzoji. Bugu da ƙari, Dart an tsara shi ne a ɗaki, aka fito da shi a shirye, sa'an nan aka ce jama'a su zo a tattauna. Gaskiya ne ƙungiyar Ecma ta fitar masa da daidaitacciyar ƙa'ida a 2014, bayan bugunsa na farko na Nuwamba 2013, amma takardar ƙa'ida ba ta sa ko burauza ɗaya ta canza ra'ayi ba.

5.0 Abin Da Ya Biyo Baya

A Maris 2015 Google ya ba da sanarwar cewa ba zai sa injin Dart a cikin Chrome ba, zai dogara ga fassara zuwa JavaScript. Da wannan sanarwa burin farko ya faɗi. Akwai abubuwa uku da suka faru a wannan tsakani waɗanda muke ganin sun isa shaida a kan ra'ayinmu.

Na farko shi ne TypeScript, wanda Microsoft ya fitar a Oktoba 2012 a ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg. Abin lura a nan shi ne, alamomin nau'insa su ma na ganin dama ne, kuma akan goge su gaba ɗaya kafin shiri ya fara aiki. Watau yana ɗauke da irin aibin da aka zargi Dart da shi, amma duk da haka ya sami karɓuwa mai yawa. Dalili kuwa shi ne an ɗora shi ne a kan JavaScript, bai nemi wani sabon inji ba, mai tsohon shiri kuma yana iya shigar da shi fayil bayan fayil ba tare da ya zubar da aikin shekaru ba. Har ma'aikatan Google masu gina Angular suka zaɓe shi a 2015. Da sakacin alamomi ne ke kashe harshe, da ya kashe TypeScript.

Na biyu shi ne JavaScript ɗin da aka ce ya fi ƙarfin gyara ya gyaru. A Yuni 2015 kwamitin TC39 ya kammala bugu na shida, wanda ya kawo azuzuwa da hanyar rarraba shiri kashi-kashi, daga nan kuma aka koma fitar da sabon bugu kowace shekara. Ba mu ce duk tabon ya goge ba, domin misalin 51 da muka kawo yana nan har gobe, tun da gyara shi zai lalata tsofaffin shafuka.

Na uku shi ne WebAssembly, wanda aka sanar a 2015. Shi ma sabon abu ne da aka dasa a cikin burauza, kamar yadda Dart ya so a yi masa, amma Google da Mozilla da Microsoft da Apple tare suka tsara shi tun daga tushe, kuma kafin ƙarshen 2017 duk burauzojinsu sun ɗauke shi. Ashe ƙofar ba a kulle take ba, sallama ce ba a yi ba.

Shi kuwa Dart bai mutu ba. Ya sami matsuguni a cikin Flutter, kayan aikin Google na shirya manhajar wayar hannu, wanda bugunsa na farko ya fito a Disamba 2018. A can babu wani kwamitin da za a jira, mai shiri ne kaɗai ke zaɓen harshen da ya ga dama, kuma a can ingancin aikin Lars Bak da abokansa ya bayyana.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa sukar da aka yi wa tsarin Dart wata ta faɗi, wata ta tabbata, kuma waɗanda suka tabbata an gyara yawancinsu da tafiyar lokaci. Sukar da aka yi wa hanyar karɓarsa kuwa ba ta gyaru ba sai da aka janye burin gaba ɗaya. Masu Dart sun yi gaskiya da suka ce manyan shirye-shirye suna bukatar harshe mai tsari, amma sun yi kuskure da suka zaci ƙarfin kamfani ɗaya zai wadatar a fagen da yake mallakar kowa. Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Saboda haka muna ba malaman da ke koyar da ilmin kwamfuta shawara, idan za su auna wani sabon harshe tare da ɗalibansu, kada su tsaya ga kyan nahawunsa da saurinsa. Su tambaya su ji wa ke riƙe da ƙa'idarsa, su wa ake bukatar yardarsu kafin ya yi aiki, kuma me zai sami shirye-shiryen da mutane suka riga suka rubuta. Muna fata mahalarta wannan taro za su faɗaɗa bincike a kan waɗannan tambayoyi, musamman dangane da zaɓen harshen da za a fara koya wa ɗaliban kwalejojinmu.